Kalmasar Bahaguwa

Shugaban sashenmu ne ya kawo maganar baje kolin, ba ni ba. Mutum ne mai son hidima, in bai sami abin da zai tara mutane a kai ba sai ya ƙirƙiro. Da ya ji na kusa ajiye aiki, sai ya ce ba zai yiwu mace ta ƙarar da ƙuruciyarta tana zana tufafi, ta ƙarar da sauran ƙarfinta tana koyar da zana su, sannan a sallame ta da agogon bango kawai ba. Za a share babban zauren makaranta, a jera kayan da na ɗinka tun daga farko, kowace riga da katinta a gefe. Na yi 'yar kunyar nan da ake yi, na ce ai ba sai an wahalar da mutane ba. A raina kuwa daɗi kamar ya kashe ni.

Aka shiga aika saƙo ga matan da suka taɓa kawo min ɗinki, tun lokacin da nake da shago, kafin makaranta ta ɗauke ni koyarwa. Kaya suka yi ta zuwa, wasu a akwati, wasu a leda, duk suna warin kafur. Ɗalibaina suka wanke masu wankuwa, suka goge, suka sa wa mutum-mutumin nan marasa kai da muke gwada kaya a jikinsu. Ni kuma ina bi ina dubawa, ina gyara kafaɗa, ina murmushi saboda idon jama'a.

Amma jikina ya fara sanyi. Rigunan ba su da aibu. Ɗinki a miƙe, wuya a zaune, hannu bai ja ba. Sai dai irin kyan nan ne da ba ya sa mai wucewa ya waiwayo. Shekara da shekaru ina gaya wa kaina cewa da ban bar shago na shiga aji ba, da yanzu sunana ya kai inda bai kai ba. To ga shi an jera min shaida a gabana, kuma abin da shaidar take faɗa shi ne: tela ce mai tsabtar aiki, shi ke nan. Na ji haushin rigunan kamar su suka ɗinka kansu.

Ana cikin haka sai ga shuɗiyar riga. Wata tsohuwar likita ce ta aiko da ita, a naɗe cikin farin zanin gado. Shuɗi ne mai duhu, babu ado ko ɗaya, ba maɓalli, ba aiki a wuya. An yanka yadin a gicciye yadda zai bi jiki da kansa, sannan aka tattaro shi daga kafaɗar hagu, ya zubo ta baya har ƙasa. In ka zagaya ta sai ka rasa inda aka haɗa. Da muka sa wa mutum-mutumi, ɗakin ɗinki ya yi tsit, har mai taka keke a can ƙarshen ɗaki ta ɗauke ƙafa.

Shugaba ya tafa hannu. "To, ga ta! Wannan ce za ta tsaya a tsakiyar zaure. Malama, ashe ɓoye mana kanki kika yi duk shekarun nan?"

Na ce, "Uhm, ranka ya daɗe."

Abin da ban faɗa ba shi ne, ban san rigar ba. Ba wai na manta shekarar da na yi ta ba, a'a, ita kanta ce na nema a kaina na rasa. Ni da nake iya tuna ƙugun matar da na auna tun kafin a haifi ɗaliban nan, nake iya tuna wadda kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya sauka, na tsaya gaban rigar da ta fi kowace riga a ɗakin ina kallonta kamar baƙuwa a tasha.

Da na koma gida na tarar da 'yata ta fari a kicin tana yanka albasa. Tun rasuwar mahaifinta nake zaune tare da ita da yaranta. Na ja kujera na ba ta labari, ina tsammanin ita ma kanta zai ɗaure.

Ta ce, "Umma, ke da ran nan kika tashi gidan nan da neman tabarau, alhali yana kan goshinki?"

"Tabarau daban, riga daban. Mace takan manta abin da ta haifa?"

"Ai kin sha kirana da sunan autarki."

Muka yi dariya. Sai ta ajiye wuƙa, ta share ido da bayan hannu, ta dube ni irin kallon da nake yi wa yadi in ina neman inda asu ya ci. Ta ce, "Ko dai mu je a duba ki, Umma? Ba don komai ba."

Wannan "ba don komai ba" ɗin ita ta faɗar min da gaba. Na ga an ajiye min abu biyu, in zaɓi wanda zan ji tsoro. Ko dai rigar da ta fi kyau a baje kolina ba tawa ba ce, ko kuma tawa ce, kaina ne ya fara yoyo. Na rasa wanne zan roƙi Allah ya sa ya zama shi ne.

Washegari na riga ɗalibai isa ɗakin ɗinki, don na tuna ina da shaidar da ba ta ƙarya. Ni bahaguwa ce. Tun ina yarinya aka yi ta dukan hannun, bai ji ba. Shi kuwa ɗinkin hannu yana tona asirin mai shi. In mai hannun dama tana kalmasa bakin riga, daga dama take tasowa, zaren ya kwanta gefe guda. Ni daga hagu nake tasowa, nawa ya kwanta ɗaya gefen. Tsohon telan da ya koya min sana'a, ko cikin tarin kaya aka jefa aikina, sai ya ɗaga bakin kawai ya ce, "Wannan na 'yar hagun nan ne."

Na durƙusa da ƙyar, gwiwoyina suna ƙara, na ɗaga bakin shuɗiyar riga. Ga kalmasa nan ƙanana, a jere, kowane zare ya kwanta ta gefena. Na zauna daɓas a ƙasa na yi hamdala. Har hawaye na yi, ba zan ɓoye ba. Na ce kaina in yana yoyo ya yi ta yi, riga dai tawa ce, na taɓa yin abu guda a duniya da ya sa mai taka keke ta ɗauke ƙafa. A ranar, da kaina na je ofishin Shugaba na ce a buga katin da sunana, a kuma sa hoton rigar a takardar gayyata.

Hoton nan ne ya kawo min Shiru-shiru.

Tsohuwar ɗalibata ce. Mun sa mata sunan ne don takan yi zango guda ba ka ji muryarta ba, sai ƙarar almakashinta. A duk waɗanda na koyar babu kamarta, kodayake a bayan idonta nake faɗar haka, ban taɓa yarda ta ji ba. Yanzu tana da shagonta da ma'aikatanta, ana ambatonta a gari. Ta shigo da hantsi, ta gaishe ni da ladabinta na da, ta tambayi gida da gwiwa. Sannan ta wuce gaban rigar ta tsaya. Ta daɗe a tsaye, har na fara tunanin ko addu'a take yi.

"Malama, ina kuka samo ta?"

"Likita ce ta aiko."

"Na zaci ta ɓace." Ta kai hannu kamar za ta taɓa kafaɗar, ta fasa. "Ita ce aikin kammala karatuna."

Na ce, "Aikin wa?"

Ba ta ɗaga murya ba, ita da ma ba ta da muryar ɗagawa. Ta ce lokacin na riga na rufe shago, amma tsofaffin masu ɗinkina sukan biyo ni har makaranta. Likita ta kawo yadin ana tsakiyar jarrabawa, aiki ya yi min yawa, sai na tura mata yadin a kan tebur na ce, "Ungo, ki yi abin da kika ga dama da shi. In ya yi kyau shi ne jarrabawarki, in ya lalace ki nemi inda za ki ɓuya."

Abin haushi, maganar ta yi kama da bakina. Tana faɗa ina ganin abin, ga teburin, ga yadin yana zamewa, ga hannuna yana turawa. Amma da na rufe ido sai kuma na ga kaina da almakashi ina yanka shuɗin yadi a gicciye, ina jin yadda yake santsi. Dukansu biyun suka zo min tas, kamar jiya aka yi. Ashe kaina ba yoyo kawai yake yi ba, duk abin da aka zuba masa karɓa yake.

Na ce, "Bari mu kira mai riga."

Na buga wa likita waya, na buɗe murya don mu ji tare. Tsohuwa ce mai fara'a, kunnenta ya fara nauyi, saboda haka ihu take yi a waya.

"Likita, shuɗiyar rigar nan, wa ya ɗinka miki?"

"Ke mana, Malama! Ke kika auna ni, har kika ce in daina riƙe numfashi, tumbin nawa ne, ba aro na yi ba."

Na dubi Shiru-shiru. Na ce, "To wa ya gwada miki ita kafin a gama?"

"Wata yarinya ce mara magana, bakinta cike da fil. Sau nawa ta zo gidana! Har na ce ko kurma kika aiko min."

Shiru-shiru ta dube ni.

"To wa ya zana ta? Wa ya ce a tattaro ta daga kafaɗa?"

"Ke kika zana min wani abu a bayan takarda, kina yi kina faɗa da wani a waya. Au, ko kuwa jar rigar nan ce ta bikin ƙanena? Kai, Malama, kin san tsufa. Me ya faru, ta yage ne?"

Na ce ba ta yage ba, na yi godiya na kashe. Mun fito daga wayar da ruɗun da ya fi wanda muka shiga da shi. Sai na ga lokaci ya yi da zan kawo ƙarshen zancen. Na kama bakin rigar na ɗaga, na ce, "Matso ki duba nan, 'yata. Kin ga yadda zaren ya kwanta? Ke bahaguwa ce?"

Ta sunkuya ta duba. Ta je kwandon ƙyallaye ta zaro guntun farin yadi, ta ɗauki allura a teburina ta zura zare, ta naɗe bakin ƙyallen. Da hannun dama ta riƙe allurar. Amma maimakon ta taso daga dama, sai ta lanƙwashe wuyan hannunta kamar ƙugiya, ta taso daga hagu. Ta yi ɗinki kamar tsawon ɗan yatsa, da sauri, ba ta ko kallo sosai, ta miƙo min.

Na sa tabarau na duba. Na cire na goge shi na mayar. Na ɗora ƙyallen a kan bakin rigar. Ko tsohon telan da ya koya min aka taso daga kabari, cewa zai yi na 'yar hagun nan ne.

"Wa ya koya miki wannan haukan?"

"Ke, Malama."

"Ni? Yaushe na taɓa cewa wani ya murɗe hannunsa?"

Ta nuna bango da haɓa. Akwai wani ɗan ƙyalle da na kalmasa da hannuna tun shekarar da na fara koyarwa, na sa shi a gilashi na rataye. Duk sabon aji nakan nuna musu shi in ce, "Irin wannan nake so, sak. Wanda bai yi kama da shi ba a warware."

Ta ce, "In muka yi yadda hannunmu yake so, sai ki ɗaga ki kalla ki ce akwai abin da bai zauna ba, a sake. Ba kya faɗar mene ne. Sai wasu 'yan gaba da mu suka gano cewa kwanciyar zaren ce. Tun daga nan, duk sabbin da suka shigo, manya sukan ja su gefe a makon farko su koya musu. Har suna gare shi. Juyin Malama."

"Juyin wa?"

"Mun zaci haka ake yi a manyan wurare."

"Kuma duk cikinku ba wanda ya taɓa tambayata?"

Ta ɗan yi murmushi. "Wa zai tambaye ki, Malama?"

Na tura ƙofar da ta raba mu da ajin 'yan shekarar farko. Da ma aikin da na ba su ke nan a ranar, kalmasa. Na tsaya a bakin ƙofa. Shekarun da na yi ina zagaya teburan nan, yadi nake kallo, ban taɓa kallon hannu ba. Yau da na kalla, sai ga aji guda, maza da mata, kowa ya lanƙwashe wuyan hannun dama yana tasowa daga hagu. Na san zarena ya bambanta da na sauran teloli, na kuma san aikin ɗalibaina yakan yi min daidai a ido, amma ban taɓa haɗa biyun wuri guda ba. Wata a layin gaba ta ajiye allura tana yarfa hannu.

"Ke, me ya sami hannunki?"

Ta yi wuf ta ɗauki allurar. "Ba komai, Malama. An ce in an saba ciwon yana dainawa."

Daga bayana Shiru-shiru ta ce, "Ba ya dainawa."

Na rufe ƙofar a hankali. Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, sai na nemi kujera. Muka zauna mu biyu, rigar tana tsakaninmu. Yanzu ba ni da shaida ko ɗaya. Na waiga na dubi sauran rigunan da aka jera, waɗanda nake jin haushinsu, na fara tambayar kaina su ma ɗin guda nawa ne a cikinsu aikin hannuna.

Na ce, "To ke, tsakaninki da Allah, kin tabbata?"

Can ta ce, "Da na shigo na tabbata. Na san ni na yanka, don na tuna yadda hannuna yake rawa. Na san ni na kai gwaji. Amma tattarar kafaɗar nan..." Ta dubi wurin. "Na tuna kin zo kin tsaya a bayana. Yadin yana ƙasa, sai ya koma sama. Ban sani ba ko ni na ɗaga kika ce 'haka', ko ke kika ɗaga na ce 'to'. In na tuna yau ni ce, in na tuna gobe ke ce."

"Ai kuwa tattarar ita ce rigar."

"Na sani."

Ta shafa wuyan hannunta, ta ci gaba, kuma ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon wannan ba. "Malama, mace takan shigo shagona, ta ɗaga riga ɗaya, kafin in buɗe baki ta ce, 'Ke ɗalibar wance ce ko?' Na canza yanka, na canza launi, na yi abin da na san ba kya so da gangan, duk da haka sai sun gane. Na gwada kalmasa irin ta mutane, hannun ya ƙi, sai ya koma inda ya saba. Ba ƙorafi nake yi ba, duk abin da nake ci a hannunki na samu. Amma duk ranar da na ji kamar ni ba kowa ba ce sai inuwarki, wannan rigar nake tunawa. In ce ai akwai guda ɗaya da na yi ni kaɗai, tun kafin in san komai."

Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni, don abin da ta faɗa shi ne abin da ni ma nake so in faɗa. Mu biyu, mata manya, kowacce ta jingina rayuwarta a jikin riga ɗaya, kuma babu wadda za ta iya dafa littafi ta rantse a kanta. Na so in ce mata wani abu na malamai, mai nauyi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ki riƙa sa wa hannun ruwan ɗumi."

Ta ce to, ta yi min sallama ta tafi. Ba ta nemi a canza komai ba.

Na yi kwanaki ina jujjuya abin. 'Yata ta ce a rubuta sunayenmu duka biyu a huta. Na ce wannan ai shi ne abin da yarinyar take gudu, a ga sunanta a ƙarƙashin nawa. Ta ce to a cire rigar gaba ɗaya. Na ce a cire ta in nuna wa mutane me? Ta ce, "Umma, ke fa ba shawara kike nema ba, abokin faɗa kike nema." Ta yi gaskiya.

Ana gobe buɗewa na je wurin masu buga katin da kaina, na ce a sake na shuɗiyar riga, a sa sunan Shiru-shiru na gaskiya, shi kaɗai. Kada wani ya ɗauka kirki ne ya yi min yawa. Ban san gaskiyar ba har lokacin. Na dai auna ne na ga ni zan tafi gida in zauna, ita kuwa tana da sauran shekaru a gaban keke. Da na ga sunanta a kan katin sai da zuciyata ta yi zafi, kamar an cire min haƙori mai lafiya. Na kai shi zaure na ajiye a gindin rigar. Ban gaya wa Shugaba ba, don na san zai tsare ni da jawabi. Shiru-shiru kaɗai na kira, na ce, "Gobe ki zo, kuma kada ki zo ke kaɗai."

Ranar buɗewa da la'asar zaure ya cika. Tsofaffin ɗalibai, malamai, matan da suka ba da aron kayansu, kowacce tana jan ƙawarta ta nuna mata rigar da ta shiga lokacin tana da ƙugu. Ina shiga Shugaba ya tare ni a ƙofa, yana gumi cikin kwat, ya sunkuyo kunnena.

"Malama, yau Allah ya rufa mana asiri. Masu buga katin nan, sunan wata suka sa a kan shuɗiyar rigarki! Da safe na gani, na sa aka sake nan take. Kada ki damu, komai ya daidaita."

Kafin in haɗa kalma ɗaya an ja shi wani wuri. Na kutsa cikin mutane, ana riƙe min hannu ana yi min barka, ina cewa na gode ba tare da na san wa nake gaya wa ba. Da na hango tsakiyar zaure, Shiru-shiru ta riga ni isa. Ta zo da ma'aikatanta, sun yi kwalliya, ta kuma zo da mahaifiyarta, wata 'yar tsohuwa da ke dafe da hannunta. Tana tsaye tana karanta katin. Na ji tsohuwar tana cewa, "Ina sunan naki? Nuna min da yatsa, idon ba ya gani."

Sai aka kira ni kan dandamali. Shugaba ya yi jawabinsa, ban ji ko rabi ba, ya miƙo min abin magana. Na karɓa. Na bar duk godiyar da na shirya, na ce, "Jama'a, akwai gyara. Shuɗiyar rigar can ta tsakiya ba tawa ba ce. Ta ɗalibata ce, ga ta can tsaye kusa da ita. Ita ta ɗinka."

Sai wani ya yi dariya, irin ta jin daɗi, sai tafi ya ɓarke. Shugaba ya matso da bakinsa kusa da abin maganar ya ce, "Kun ji halin manyan malamai! Komai nasu sai su ce na ɗalibai ne." Daga layin gaba likita ta ɗaga sandarta tana ihu, "Ai ni ce shaida, ita ta auna ni da hannunta!" Tafin ya ƙaru.

Na ce, "Ba wasa nake yi ba. Katin ne aka..." Tafin ya haɗiye sauran. Wasu har sun miƙe tsaye. Wata tsohuwar ɗalibata tana share hawaye tana cewa Malama ba ta canza ba.

Na nemi Shiru-shiru da ido. Mutanen da ke kusa da ita sun juyo suna yi mata murmushi, irin wanda ake yi wa yarinyar da babba ya ambata don ya faranta mata. Mahaifiyarta tana washe baki, ta ji an nuna 'yarta, ba ta san sauran ba. Ita kuwa ta saki hannun tsohuwar, tana tafi tare da kowa, a hankali, fuskarta ba ta nuna komai. Ni kuma ina tsaye da abin magana a hannu, na faɗi magana a gaban jama'a har sau biyu, ban san ko gaskiya na faɗa ko ƙarya ba.

Kafin in sauko daga dandamali ta kama hannun mahaifiyarta, sun bi ta ƙaramar ƙofar gefe, ma'aikatanta suna biye da su. Na yunƙura zan bi su, Shugaba ya riƙo gefen mayafina, mai ɗaukar hoto ya riga ya durƙusa.

"Malama, ɗaya kawai. Matso kusa da rigarki."

Na matsa.